Ƙorafi Kan Tankin Kifin da Aka Ɗora a Kan Daɓe Mai Gangara

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Daraktan Asibiti,
Ta hannun Shugaban Sashen Gyare-gyare.

Daga:
Tsohon magini, mijin majinyaciya mai kati lamba 47, Sashen Wankin Ƙoda.

Litinin, 5 ga Yuni, 2023.

Game da: Tankin gilashi na kifaye da aka girke a ɗakin jira ba tare da an daidaita zamansa ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon a yi haƙuri da rubutuna. Ban yi nisa a boko ba, amma na yi shekara arba'in da biyu ina gini, kuma abin da zan faɗa a kan daɓe ne, ba a kan magani ba. Maiɗakina tana zuwa wankin ƙoda duk Litinin da Alhamis, ni ke kawo ta.

1. Ranar Talata, 23 ga Mayu, aka kawo wani tankin gilashi mai tsawon taku tara, aka ɗora shi a kan teburin ƙarfe a ɗakin jira, wai don hankalin marasa lafiya ya kwanta. Niyya ce mai kyau. Sai dai masu gadi sun tabbatar mini cewa da tef kawai aka auna ƙafafun teburin, aka ga tsawonsu ɗaya, aka ce shi ke nan. Ba wanda ya auna ƙasar da ƙafafun ke tsaye a kai.

2. Ƙasar nan ba a miƙe take ba, Yallaɓai, kuma ni na karkatar da ita. A shekarar 1988 ni na yi daɓen ɗakin. A lokacin ba ɗakin jira ba ne, ɗakin wankan gawa ne. An umarce ni in yi masa gangara zuwa kusurwar taga, inda magudana take, don kada ruwa ya kwanta. Daga baya an toshe magudanar, an shimfiɗa tayil, an jera kujeru, amma ba a cike gangarar ba. Tayil ya bi abin da ya tarar. A ɗakin aka wanke yayana. Ina tsaye a bakin ƙofa na ga ruwansa yana gudu zuwa kusurwar nan ba tare da ya tsaya ko'ina ba, sai na ji zuciyata ta ce aiki ya yi kyau. Har yau ina jin kunyar wannan tunani, kuma har yau in na shiga ɗakin ƙafata tana jin inda ƙasa ke ja.

3. Ranar Litinin, 29 ga Mayu, na tarar an zuba ruwa kamar kashi ɗaya cikin uku. Na sa yatsa na auna daga bakin teburin: ruwan ɓangaren taga ya fi na ɓangaren ƙofa da yatsa biyu. Ruwa ba ya karkata, abin da ke ɗauke da shi ne ya karkata. In aka cika shi haka, nauyin zai taru a kusurwa guda, gam ɗin da ya haɗa gilashin shi kaɗai zai yi ta dako har ranar da zai gaji.

4. A ranar na yi wa shugaban masu girkawa bayani cikin ladabi, har na ce ina da tiyon awo a mota, wanda magina ke zuba wa ruwa su gane gangara, in ya yarda mu gwada. Ya yi dariya, ya ce zamanin tiyo ya wuce, ya tambaye ni ko kifi ne suka aiko ni. Sannan, don ya sallame ni, ya naɗe kwalin magani ya cusa a ƙarƙashin ƙafa ɗaya ta teburin. Na ga duniya, na san aikin da ake yi don a rufe bakin tsoho. Kwali a ɗakin da ake goge ƙasa da ruwa sau uku a rana! Ranar Alhamis, 1 ga Yuni, na tarar ya zama kamar danƙo.

5. A Alhamis ɗin ce kuma, da aka ɗauke wuta ɗakin ya yi tsit, na ji gilashin ya ce ƙas, sau ɗaya. Sista mai kula da sashen ta ce ƙila kunnena ne. Allah ya sa. Amma na shafa gam ɗin kusurwar, yatsana ya fito da laima.

6. A wannan kusurwa maiɗakina ke zama, don nan ne kaɗai take samun bangon jingina bayan an cire ta daga na'ura. A wannan hali ko kofi ba ta iya riƙewa, balle ta guje wa gilashi. Ban gaya mata tarihin ɗakin ba, kuma ina roƙo kada a gaya mata. Na dai ce ta sauya kujera, ta ce tsufa ya fara sa ni tsoron kifi.

Na ji an ce ranar Alhamis, 8 ga Yuni, za a cika tankin a zuba kifayen, saboda baƙin da za su zo. Don haka nake roƙon Mai Girma ya ba da umarni a kwashe ruwan tas kafin ranar, a auna teburin tsaye da kwance da ma'aunin magina, a ɗaga ƙafafun ɓangaren taga da farantan ƙarfe, a kuma kira wanda ya san gilashi ya duba gam ɗin. Kafin nan a janye kujeru huɗun da ke kusurwar. In ana son hannu, nawa yana nan, ba na neman komai.

In ba a samu yin haka ba, ina sanar da ofishinku cewa ranar Alhamis zan riga kowa zuwa in zauna a kujerar da maiɗakina ke zama, ita kuma in bar ta a baranda, ko da za ta yi fushi da ni. Kada ma'aikata su ɗauka rashin tausayi ne.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya da basira.

Naka cikin ladabi,
(sa hannu)
Tsohon magini, wanda masu gadinku ke kira Baba Mai Tiyo.