Ramin mikro huɗu, mu kuwa biyar

Salamu alaikum 'yan gida. Admin ka ɓoye sunana. Na sha wuya wajen neman wannan na'ura, kuma yau ni ne mai laifi, shi ya sa na kawo maku maganar, don Allah ku gaya mani yadda zan yi.

Mu biyar ne muke kiɗa a nan Madarunfa, mutane na ce mana 'yan jaz, akwai ganga, akwai saksofon, akwai mai waƙa, akwai gurmi, ni kuma ina riƙe da gitar. Shekara da shekaru muna biki da suna har Gabi da Safo amma ba mu taɓa ɗaukar kiɗanmu ba, sai abin da mutane suka ɗauka da salula, hayaniya ce kawai. Gidan rediyon gari suka ce in mun kawo sauti mai kyau za su sa. Aka ce ni in je in nemo miksaj, na'urar nan da ake soka mikro, abin kama murya, a jikinta ta haɗa sauti.

Na zagaye kasuwar Maraɗi, na je Ɗan Issa, ƙafata har ta kumbura. Manyan da na gani sai da kuran, wato lantarki, mu kuwa inda muke kiɗa rabin wuraren babu wuta, in ka tada gurup, wato janareta, ƙararsa ce za ta shiga cikin waƙar. Kuma a moto, wato babur, nake ɗaukar kaya. Sai na zaɓi ƙarama mai batiri, tana shiga jaka, tana ɗaukar sauti da kanta. Raminta huɗu ne. Mai shagon ya ce ganga ba ta son mikro nata, na sauran zai kama ta, kuma gaskiya ya faɗa.

Jiya da hantsi muka zauna ɗauka. Kafin in buɗe baki an raba mikro kamar yadda muke raba naman suna, babba ya fara ɗauka. Baba Iro mai ganga shi ya kafa ƙungiyar, shi ya koya mani kiɗa, ya ja nashi ya kafa a gaban ganga. Mai saksofon ya ɗauka, mai waƙa ya ɗauka, gitar ɗina in ba a soka shi ba ba ya magana sam, sai ya cinye rami na huɗu. Aka bar Sani mai gurmi, shi ne ƙaraminmu, kuma gurmi kun san muryarsa ba ta da ƙarfi. Na ce Baba da za ka ba Sani naka, ya kalle ni ya ce tun ina yawo ba wando yake kiɗa.

Da muka saurara, ganga ta danne komai, gurmi ko ɗigo babu. Gurmin nan kuwa shi mutane ke zuwa ji. Sani ya sa gurminsa a buhu, a bakin ƙofa ya ce mani dama yayansa na kiransa cirani Kano, jibi zai bi mota, tunda a nan ko cikin na'ura ba shi da wuri. Sauran suka juyo kaina, wai na sayo na'urar wasan yara, wai da na kawo babba da kowa ya samu nashi. Su da ko caja ba su taɓa ɗauka ba. Baba Iro kuma ya aiko mani cewa ranar da aka ɗauke mikro daga gabansa ranar zai kwashe gangunansa.

To ku faɗa mani. In je in canza da babba, mu koma jan gurup a amalanke ana jin ƙararsa cikin waƙa, don kawai kar a taɓa girman tsoho? Ko in dubi idon mutumin da ya koya mani sana'a in ce mashi gangarsa ce ke ɓata mana aiki? In na yi shiru Sani ya tafi, kuma ba mu da wani mai gurmi.

Yau da safe na sa na'urar a jaka, na zo ƙofar gidan Baba Iro don ya ji abin da muka ɗauka da kunnensa. Na kashe moto. Ina zaune a kai nake rubuta maku wannan, ban yi sallama ba tukuna.