Saƙon Ranar Talata

Talata, 4 ga Maris

Ƙarfe takwas daidai wayar ta yi ƙara. "Barka da shiga mako na talatin da ɗaya! Yanzu jaririnki ya kai girman kwakwa, yana iya juya kai ya bi haske."

Na karanta, na kife ta a kan filo.

Kwana goma sha biyu ke nan da aka sallamo ni daga asibiti. Motsi ne ya tsaya, muka je, suka ce zuciyar ta daina bugawa. Allurar naƙuda, kwana da wuni. Mace ce. Sun ce in dube ta, na juya fuskata bango. Maigidan ne ya karɓe ta, shi da ƙaninsa suka kai ta.

Manhajar ciki da ke wayata ba ta sani ba. Ni na biya ta kuɗin shekara guda tun cikin yana wata biyu, saboda ta kyautar ba ta nuna hoton jariri yana juyi. Aikinta take yi.

Alhamis, 6 ga Maris

Nono bai daina zuba ba. Riga uku yau.

Lahadi, 9 ga Maris

Falo cike da mutane tun hantsi. Hajiyarsu maigidan ta zo da ƙannenta biyu. Allah ya kawo mai tsayawa. Amin. Ai da sauran ƙuruciyarki. Haka ne. Wance ma sau biyu ta yi, ga ta nan da biyar. Ikon Allah. Bakina ya iya amsa ba sai na sa masa hannu ba.

A ƙarƙashin mayafi ina wasan kwalabe. Ruwa ne kala-kala a cakuɗe, sai ki yi ta juye wannan cikin wancan har kowace kwalba ta zama kala ɗaya. Shi ke nan wasan. Duk mataki uku sai talla ta fito, kuma wayar nan abu ɗaya ta san ina so: ƙunzugun jarirai, man shafawarsu, gado mai lilo. A ƙasa an rubuta, biya ki cire talla. Na danna. Katin bankina na ciki tun tuni, ko lamba ba su tambaye ni ba.

Mataki na tamanin da huɗu na kai kafin su tafi.

Talata, 11 ga Maris

Yau abarba ce. Farce ya gama fitowa, in ji su.

Asabar, 15 ga Maris

Na sayi manhajar barci, mai ƙarar ruwan sama a kan kwano. Na sayi ta ƙirga taku, ta ce yau na yi taku ɗari biyu da shida. Daga gado zuwa bayi. Na sayi ta tuna wa mutum ya sha ruwa. Kowacce na buɗe sai tallar jarirai, sai in biya ta yi shiru.

Ba daɗi nake ji ba. Akwai dai ɗan lokacin nan, daga dannawa zuwa shigowar saƙon banki, da nake jiran wani abu. Ƙarshenta ke nan.

Maigidan yana fita kafin bakwai yanzu. Ya ce zafi ya shigo, kowa firjinsa ya lalace, gyara ya yi masa yawa. Idan ya dawo ya tambaya na ci abinci, in ce na ci, ya ce to madalla. Ya duba tukunya ya ga yadda take. Ya mayar da murfin.

Talata, 25 ga Maris

Yaya ta zo da sassafe ta tsefe min kai, ta ce ya fara wari. Ina zaune a ƙasa tsakanin ƙafafunta, wayar na cinyata, takwas ta yi. Ta leƙo ta saman kaina ta karanta. Na ji hannunta ya tsaya a gashina.

"Mene ne wannan?"

Na ce manhajar ciki ce.

"Na san ta ciki ce. Cikin wa? Kawo nan in goge."

Na ce, "Yaya, kuɗin shekara na biya."

"Kuɗin me? Ke, dube ni. Kina da hankali kuwa?"

Ta fizgi wayar, ba ta san lambar buɗewa ba, ta yi ta latse-latse har ta kulle kanta na minti biyar. Sai ta fashe da kuka, da matajin a hannu. Ni na tashi na ɗebo mata ruwa. Na ga kamar ya kamata ni ma in yi, na tsaya na jira, bai zo ba.

Ta ƙarasa kitson. Ta ja da ƙarfi fiye da kullum.

Juma'a, 28 ga Maris

Ashe akwai wurin. Can cikin saiti, ƙasa da wurin canza harshe, da ƙananan haruffa: "Na rasa cikin." Wato sun san ana yi.

Na dube shi na fita.

Litinin, 7 ga Afrilu

Na koma shagon da nake aiki. Tabarau ɗari uku da wani abu a jikin bango, duk sun yi ƙura, Doguwa, abokiyar aikina, ba ta goge na sama duk tsayinta. Na ɗauki tsumma na fara daga hagu. Oga ya fito daga ɗakin gwajin ido ya ce sannu da zuwa, ya ce in na gaji in tafi gida, ya koma da sauri kamar ya bar abu a wuta.

Wajen azahar dattijon nan ya shigo, mai zama a kan tabaraunsa duk wata biyu. Ya ajiye min shi hannu ɗaya a karye, ya ƙanƙance ido ya dube ni.

"A'a, 'yata, an sauka ke nan! Me muka samu?"

Kafin in buɗe baki Doguwa ta sha gabansa. "Baba, zo nan ka ga wani sabon firam, ko giwa ce ta zauna a kansa ba ya karyewa." Ta ja shi ƙarshen shago, na ga tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Da zai fita bai iya kallona ba. Ya manta canjinsa.

Na ɗaure masa hannun tabarau. Ƙaramin sukurun ya faɗi sau biyu.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Talla ce ta kawo min wannan manhajar. Ki sa hoton sikanin cikinki, mu nuna miki fuskar jaririnki. Ina da na wata shida a jaka, baƙi da fari, kai da ɗan hanci daga gefe. Lokacin cin abinci na shiga ɗakin ajiya na ɗauke shi da waya. Suka ce in biya kafin su nuna. Na biya.

Wata jaririya ta fito, kumatu cike, tana murmushi, da hular ulu ruwan hoda. Kyakkyawa. 'Yar wasu.

Na nemi wata manhajar irinta, na biya, na sa hoton nan dai. Wannan ta fi ta farko haske, idonta buɗe. Ta uku ma daban. Na jera su ina kallo. Uku, kuma ba wadda na taɓa ɗauka.

Doguwa ta buga ƙofa ta ce shinkafata ta huce.

Laraba, 16 ga Afrilu

A kemis katina ya ƙi. Maganin ƙarin jini ne kawai. Mai kemis ya sake sakawa, ya ce, "Hajiya, babu kuɗi a ciki." Akwai mutane a bayana. Na ce to, na mayar masa da maganin.

Albashin ya shiga farkon wata. Abin da muka ware na haihuwa ma a nan yake. Yake, da.

Da yamma maigidan ya ga kwalin maganin babu komai ya tambaya. Na ce kati ya ƙi. Ya ce albashi bai shigo ba ne? Na ce ya shigo. Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, ya dube ni, ya dubi wayar a hannuna. Ya mayar da ɗaya takalmin ya fita. Ya dawo da maganin ya ajiye kusa da kofina.

Da ma faɗa ya yi.

Talata, 22 ga Afrilu

Zan rubuta wannan yadda ya faru.

Babur ɗinsa ya ƙi tashi, ya dawo ciki yana jiran bakanike. Rabon da takwas ta same shi a gida ranar aiki, na manta. Ina guga, yana zaune a hannun kujera da shayi. Wayata ta yi ƙara a kan tebur. A daidai lokacin, irin ƙarar sak, daga aljihun rigarsa.

Ya sa hannu ya dafe aljihun.

Sai na tuna. Tun farko na ƙara kuɗi na haɗa wayarsa, na uba, don ya riƙa gani shi ma. A lokacin dariya ya yi ya ce shi kayan marmari a kasuwa yake ganinsu. Na ɗauka ko buɗewa bai taɓa yi ba.

Na ce, "Ba ka goge ba?"

Ya ce, "Ke ma ai."

Na ji ƙauri, na ɗaga dutsen guga.

Ya ce a bakin titi yake tsayawa ya karanta, kafin ya isa wurin aiki. Shi ya sa yake fita da wuri ranar Talata. Sauran ranakun kuma don kar in gane. Ya ciro wayar ya duba ya ce, "Kabewa." Ya yi wata 'yar dariya marar sauti. "Ina ita ina kabewa. Ko nauyin wannan flas ɗin shayin ba ta kai ba."

Ban shirya tambayar ba, fitowa ta yi. Na ce, "Yaya take?"

Ya gane. Ya ajiye kofin a ƙasa.

Ya ce gashi ne da ita, baƙi ƙirin, kwance har goshi. Ya ce kunnenta na dama a ɗan naɗe yake daga sama, irin nawa. Leɓen ƙasa na Hajiya ne, har ya so ya yi dariya a wurin. Yatsun ƙafa dogaye. Ya ce fuskarta a ɗaure kamar an tashe ta daga barci ba ta so. Ya ce ya daɗe yana kallonta a cikin mota, har ƙaninsa ya ce Yaya, rufe ta haka nan.

"Na jira ki tambaya," in ji shi. "Wata biyu ina riƙe da shi. Ina tsoron kar in fara mantawa."

Na taɓa kunnena. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Bakanike ya yi sallama daga waje. Ya share fuska da hannun riga ya fita. Rigar da nake gogewa ta ƙone a kafaɗa, tasa ce, mai ruwan toka.

Laraba, 23 ga Afrilu

Na goge hotunan nan uku. Ba wadda take da kunnen.

Talata, 6 ga Mayu

Mako na arba'in. Allon ya cika da furanni. "Yau ce ranar! Ki shigar da suna da nauyi."

Bai fita ba, kuma babur lafiyarsa lau. Na shiga saiti a gabansa na nuna masa wurin. Ya ce duk yadda kika gani. Na danna. Ta ce kin tabbata? Na ce e. Layi biyu na ban haƙuri suka fito, sai allon ya koma fari.

Ya duba tasa. "Tawa ma ta tafi."

Ya kai ni shago a bayan babur. Ban ji komai ba, sai iska.

Asabar, 10 ga Mayu

Doguwa ta karɓi wayar ta ce yau sai ta ga abin da ke cinye ni. Manhaja goma sha bakwai. Tana sokewa tana karanto sunayensu. "Koyon iyo? Ke da ko baho ba ki cikawa?" Ta ce wadda take tuna min shan ruwa ita za ta maye gurbinta, rabin kuɗin za ta karɓa.

Na hana ta taɓa wasan kwalabe.

Litinin, 19 ga Mayu

Ba wani abu. Ciniki kaɗan, wuta ta ɗauke sau biyu.

Wata mata ta zo zaɓar firam da yaro a kafaɗa, ɗan wata huɗu ko biyar. Doguwa ta fita karɓo saƙo, Oga na ciki da mai gwaji. Matar ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki wancan, hannu ɗaya ba ya sa tabarau daidai. Ko dubana ba ta yi ba ta ce, "'Yar'uwa, ɗan riƙe min shi," ta miƙo.

Na karɓa ne don kar ya faɗi.

Ɗumi gare shi. Ya kama igiyar katin aikina ya kai baki. Uwar ta gwada guda tara, tana juya kai a madubi tana tambayata, na ce mai ruwan ƙasan ya fi zama da fuskarta. Gaskiya ne kuma. Ta biya, ta gyara jaka, ta miƙo hannu. Na ce ta bari in rubuta mata rasit tukuna.

Da hannu ɗaya na rubuta. Ya ɗan ɗauki lokaci.

Ya bar min miyau a kafaɗa. Doguwa ta dawo ta gani. Ta miƙo min tsumma, na ce ta bar shi, zai bushe.