Haruffa Shida na Sunan Baba

Gwandu,
14 ga Nuwamba, 1998.

Zuwa ga Ruƙayyatu, hasken idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, wadda ko sunanta aka ambata sai numfashina ya tsaya.

Assalamu alaikum. Ina rubuto miki da leɓe a kumbure da haƙori ɗaya a aljihu. Yayanki Lawal ne ya cire mini shi ran Litinin a tashar Kalgo. Ya shaƙe ni da wuyan rigata, ya gwara kaina da ƙofar mota har jini ya wanke mini gaba, 'yan kamasho na kallo. Ban rama ba. Da wane hannu zan mari fuskar da ke ɗauke da idanu irin naki? Amma wallahi dukansa bai kai zafin goron gaisuwata da Baba ya sa aka mayar gidanmu ba. Wannan kam ya farke ni daga maƙogwaro har cibiya.

An ce da gangan na wulaƙanta mahaifinki. Ni, Basharu, da nake cire takalmi tun daga bakin layinku? Saurara ki ji, zumata.

Ni na rubuta wa kwamfutar ofishinmu umarnin buga sunayen manoman fadama da za a ba injin ban-ruwa. Na shigar da mutanen kowane ƙauye a jere, na ce mata ta bi jerin ɗaya bayan ɗaya, ta ba kowa layinsa. A tungarku kuwa mutane suka ɗauka rajistar haraji ce, kowa ya shige daji, Baba kaɗai ya tsaya ya ba da suna. Da yake shi kaɗai ne, sai na rubuta sunansa, Haruna, haka nan tsirara, ban saka shi cikin baka-biyun da ke nuna mata jeri ba. Ita kuma jakar banza ba ta san dattijo ba. Ta ɗauki sunan shi ne jerin, ta bi shi harafi-harafi, ta datsa shi gida shida kamar mahauci a kan kututture: H manomi guda, a manomi guda, har ƙarshe. Na liƙa takardar a bango ban duba ba, don ranar Alhamis ce, ranar zuwa zance wurinki, hankalina yana zaurenku. Masu rabo suka soke layukan shida, wai sunayen bogi ne. Masu zaman kashe wando suka mayar da Baba abin dariya.

Kwana uku ina kokawa da la'ananniyar. Na zargi firinta, na zargi faifai, na ɗaga kujera zan rotse mata gilashi, sai da shugabana Malam Namadi ya riƙe ni ta baya. A ƙarshe na tilasta mata ta ƙirga mini kowane jeri. Malisa tara, daidai. Ceberu goma sha ɗaya, daidai. Tungarku shida. Shida daga ina, mutum ɗaya tal? Nan na gane wuƙar a hannuna take. Na ƙara baka-biyu, sunan ya fito cikakke, gyaran bai kai ƙiftawar ido ba. Amma injuna sun riga sun ƙare, albasar Baba kuwa tana can tana ƙuna.

Kin tuna bara a garkar albasar nan, da kika kai wa Baba fura, kika tumɓuke albasa guda kika jefe ni da ita a ƙirji, kina dariya? Har yau wurin yana mini zogi. Sonki ba lallashi ya zo ba, Ruƙayyatu, kutsowa ya yi, ya ɓalle ƙofa, ya banka wa zuciyata wuta. Yanzu a ce in haƙura? In haƙura da me, in rayu da me? Gara Lawal ya ƙarasa sauran haƙoran, gara ya karya mini haƙarƙari ɗaya-ɗaya, da in ji wani ya yi sallama da ke.

Ba zan aiko wa Baba takardar da na gyara ba, takarda ba ta shayar da shuka. Na karɓi hutun wata biyu. Ran Asabar bayan asuba zan sauka garkarsa da garwa biyu da sanda, in riƙa ɗebo ruwa daga gulbi a kafaɗa, kadada bayan kadada, har ranar da za a cire albasa. Ya kore ni, in dawo washegari. Ba na roƙon ki sa baki, ki dai jira ni.

Abu ɗaya za ki gaya wa Lawal: ya doki duk inda ya ga dama, amma ya bar mini kafaɗuna, na Baba ne.

Naki har ranar da za a rufe ni da ƙasa,
Basharu.