Gamba da garmani a makiyayarmu

Laraba da dare, Mallawa, ƙarshen damina.

Yau na nuna wa Kawu Ilu aikina a kwamfutata. Na zuba mata lissafin ruwan shekarun baya da ciyayin makiyayarmu, tana kintata abin da zai faru in damina ta ci gaba da gajarta. Ciyawar gamba tana ja da baya, garmani da shanu ba sa ci yana mamaye wurin.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Hadiza, in sayar da su ke nan?"

Shanun da ya gada wajen Kaka! Na ce, "Kintace ne, Kawu, ba hukunci ba." Ya yi murmushi don kada in ji nauyi, ya tafi ɗaure maruƙa. Tuwo ma ban iya ci ba.

Bayan isha na sake gwadawa, na hutar da rabin makiyayar damina biyu a cikin lissafin. Gamba ta dawo. Kaɗan ne, amma ta dawo. Na kasa jiran safiya, na je na yi masa sallama.

Ya saurare ni tsaf, ya ce, "To, bana ba saniyar da za ta ga kasuwa. Gobe mu je wajen mai gari kan batun hutar da makiyayar. Je ki kwanta, ɗiyata."