Ɗigon Jan Farce Biyu a Inji na Bakwai

Zuwa ga:
Mai girma Manaja Liao Chen-tung,
Shugaban Sashen Gwajin Faifai,
Masana'anta ta Biyu, Hukou, Hsinchu.

Daga:
Peng Hsiu-chin, mai loda faifai a aikin safe,
matar marigayi Fan Te-wang, makaniken inji na bakwai.

Kwanan wata: Litinin, 11 ga Maris, 2024.

Game da: Ƙorafi kan cire sunan mijina daga tsarin aikin da ya ƙirƙira, aka ba Injiniya Tseng Po-han lambar yabo a kansa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon a yi haƙuri da rubutuna. Karatuna ya tsaya a aji uku na sakandare, kuma duk abin da zan faɗa daga kaina nake faɗarsa, domin littattafan da aka rubuta shi a ciki ba sa hannuna.

1. Mijina, wanda kowa a sashenmu ke kira Tsoho Fan, shi ya harhaɗa inji na bakwai ranar da aka sauke shi a akwatuna, shekara goma sha tara da suka wuce. Shi ya daidaita ƙafafunsa, ya zaunar da farantin da faifan silikon ke hawa, ya ɗaura katin allurai a sama. Ranka ya daɗe ya san allurai ɗari huɗu ne, sun fi gashi siranta, kuma dole su taɓa faifai a tare. In gefe ɗaya ya riga sauka, ya karce faifai ko ya lanƙwashe. A gwajin zafi ƙarfe yana buɗewa, komai ya gauce. Mijina ne ya gano yadda ake ɗumama katin minti ashirin kafin a fara, da yadda ake ɗaure noti huɗu a gicciye, da yadda ake karanta sawun allura a madubi. Ya cika littafi uku da wannan. Na ga ana rubuta su a kan teburin cin abincinmu, miya tana hucewa.

2. Ya rasu ranar 16 ga Mayu, 2023. A kwana na bakwai Injiniya Tseng ya zo gidanmu da kwandon lemo, ya kunna turaren tsinke a gaban hoton mijina, ya rusuna sau uku. Ya ce mini, "Yaya A-chin, ara mini littattafan Tsoho na mako ɗaya, kada inji ya zama maraya." Na ɗauko na ba shi da hannu biyu. Yau wata goma ke nan.

3. A watan Nuwamba aka liƙa takarda mai shafi huɗu a jikin injin, an rubuta mata Tsarin Tseng na Gwajin Zafi. Na tsaya na karanta ta sau biyu. Har zanen notin nan huɗu da ke shafi na biyu zanen mijina ne, an dai miƙar da layukan. Babu sunan Fan ko a ƙasa, inda ake sa ƙananan haruffa. Ledar abin taunawa mai koren launi da ake ɗora wa kowane inji don ya yi ladabi, wadda mijina ke sauyawa kafin ta tsufa yana rubuta sunansa a kai, ita ma an jefar, an sa sabuwa da sunan Tseng.

4. Ranar 26 ga Janairu, a walimar ƙarshen shekara, aka kira Injiniya Tseng kan dandamali, Ranka ya daɗe ya miƙa masa lambar gilashi. Aka kira matarsa ita ma, cikin shuɗiyar riga, aka ba ta furanni, aka ce an gode mata da haƙurin da ta yi. Ni ina tebur na ashirin da shida, kusa da ƙofar da ake shigo da abinci. Ban san wane haƙuri ta yi ba. Shekarar mijinta uku a nan. Ni na haifi 'yarmu mijina yana ƙarƙashin wannan injin. Sau biyar na ci abincin jajiberin sabuwar shekara da kujerarsa babu kowa. Na sha ce masa ya ɗauki tabarma ya koma can gaba ɗaya, sai ya yi dariya ya ce, "Ke tsohuwa, shi in na taɓa shi shiru yake yi, ke kuwa sai ki ƙara." Da farko na rubuta a nan cewa ba hassada nake yi ba, sai na soke, domin takarda ce ta hukuma, bai kamata a sa ƙarya a ciki ba. Na yi hassadar furannin nan. Na dube su har aka kawo kifi, ban ci ba. Ba ni da wani laifi da zan ɗora wa matar, amma har yau in na gan ta tana jiransa a mota a bakin ƙofa, sai na canja hanya.

5. Akwai abu ɗaya da ba ya cikin littattafan. Shekara takwas da suka wuce jan farcena ya ɓace daga gaban madubi. Na same shi a aljihun mijina. Kwana huɗu ban yi masa magana ba, na zargi kowace mace a layinmu. A rana ta biyar ya ja ni bayan inji na bakwai ya ce, "Zo ki ga wadda na shafa wa." Noti ne, na baya ta hagu, da ɗigo biyu ja a gefensa. Ya ce tun wata girgizar ƙasa wannan kusurwar ta ɗan sauka, kuma ba ta nunawa sai inji ya yi zafi. Bayan minti ashirin sai a juya notin daga ɗigon farko zuwa na biyu, in an gama a mayar. Na ce me ya hana ya rubuta. Ya ce abin da ke jikin inji ya fi na takarda daɗewa. Nan ya yi kuskure. Ranar da za a ɗauki hoton Injiniya Tseng a gaban injin, an sa aka goge shi tas, ɗigon biyu suka tafi a matsayin datti, makanikan yamma suka rasa alamar da suke bi.

6. Tun daga lokacin, a aikin yamma allurai na lanƙwashewa. Kati uku aka mayar gyara, an ba wasu mata biyu masu loda faifai takardar gargaɗi, an ce hannunsu ne. A aikin safe kuwa babu matsala, kuma a taron wata Injiniya Tseng ya ce dalili shi ne da safe yana nan yana sa ido. Ranka ya daɗe, da safe yana ofis yana shan shayin madara. Ni ce. Ƙaramin sifanan mijina yana cikin safata kullum. Idan minti ashirin ya cika sai na zagaya baya kamar zan duba waya, na juya notin. Ba na buƙatar ɗigo, na san inda hannun sifana ke kallo idan ya kai. Na san doka ta hana mai loda faifai taɓa noti, na san hukuncinta kora ne. Sau biyu na yi niyyar bari, ya lalace a gaban kowa, a ga Tsarin Tseng tsirara. Na tsaya ina kallon agogo. Duk biyun ƙafata ta kai ni bayan injin, domin na san yadda mijina ke runtse ido idan ya ga allura ɗaya ta lanƙwashe. Wato kowace safiya ni nake ƙara wa lambar gilashin nan haske da hannuna, kuma wannan ya fi furannin ci mini rai. Matan yamma kuwa na gan su suna kuka na yi shiru. Wannan laifina ne, na amsa shi.

Saboda haka ina roƙo da ladabi: a dawo mini da littattafai uku, kamfani ya kwafi abin da yake so. A janye takardun gargaɗin matan nan biyu. A rubuta sunan Fan Te-wang a saman takardar da ke jikin inji na bakwai, da haruffa masu girman na Tseng. Ban nemi a karɓe lambarsa ba, ya ajiye abinsa.

Ina roƙon a yi wannan kafin 5 ga Mayu, ranar cika shekara da rasuwar mijina a lissafin wata, da za a rubuta sunansa a allon kakanni da muke kunna wa turare a gida. Ina so in kunna turare in gaya masa an rubuta shi a wuri biyu. Ranar da na ga sunan a jikin injin, zan zo da sabon jan farce in ɗiga ɗigon biyu a gaban duk wanda Ranka ya daɗe ya turo, har da Injiniya Tseng. Idan kuma aka zaɓi a kore ni saboda abin da na faɗa a lamba ta shida, zan miƙa katin shaidata da farar rigar aikina ba gardama. Sifanan dai na mijina ne, da shi zan tafi gida.

Ina mai matuƙar biyayya da girmamawa,

Peng Hsiu-chin
Lambar ma'aikaciya 0418