Ruwan da Inna Ta Daina Sha

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya yara? Yaya, hankalina a tashe yake. Kwana uku ke nan Inna ba ta gane ni sosai. Jiya ta ce in ɗauko mata mayafi, wai Baba na jiranta a waje, Baba da ya rasu shekara tara. Jikinta zafi rau, abinci sai ta kawar da kai. Maƙwabciyata ta ce tsufa ne. Tsufa yana zuwa cikin kwana uku? Da wayonta ta zo gidan nan, gwiwa kawai ke damunta. Ke ce ma'aikaciyar jinya, ki faɗa mini abin yi.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam, muna lafiya. Ki bar maganar maƙwabciya. Ki kai ta asibiti yau, ba gobe ba, ki ce a gwada fitsarinta. Na sha ganin tsofaffin da ciwon mafitsara ya rikita haka. Ruwa kofi nawa take sha a rana? Sau nawa take zagawa? Kar ki ce mini ba ki sani ba.

Yayarki

*

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ban sani ba, Yaya, wallahi ban sani ba. Gaskiyarki ce, ƙwayar cuta ce a mafitsara, likita ya ce tana neman taɓa ƙoda. An kwantar da ita, an sa mata ƙarin ruwa.

Da na koma ɗauko mata kaya, na tarar da gorunan ruwa goma sha ɗaya a bayan gadonta, ko buɗe su ba a yi ba. Ni kuma kullum ina murna ta shanye.

Yau da ta dawo hayyacinta na tambaye ta. Ta ce, "Bayin naku sai an ratsa falo. Mijinki na nan kan keken ɗinki, ga masu kawo ɗinki a zazzaune. In riƙa wucewa da sanda sau goma a gaban surukina?" Ashe tun safe take riƙe fitsari har ya tashi aiki, shi ya sa ta daina shan ruwa. Wata biyu, Yaya, a gidana, ina ɗaki ɗaya da ita.

Jibi za a sake gwajin ƙodar. Ki sa mu a addu'a.

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ku. Kuka ba zai wanke ƙoda ba. In an sallame ta, ruwa a gabanki za ta sha, ta zaga da zarar ta ji, tsarki daga gaba zuwa baya, maganin kuma ta shanye ko ta ji sauƙi. Ranar Asabar zan zo in ɗauke ta. Ba fushi nake ba, amma gidanku bai dace da ita ba.

Yayarki

*

Babbar 'yata,

Ina gaishe ki da jikokina. Auta ke rubuta mini. Kar ki zo ɗaukata. Yaron nan, mijin Auta, da ya ji dalili, ya kwashe kekensa da teburinsa ya koma baranda, cikin rana. Ya zo asibiti ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yafe mini." Ni da ya kamata in ba shi haƙuri. In na tafi yanzu, zai ce shi ya kore ni.

Sakamakon bai fito ba tukuna. Ki zo dai, amma ki zo gaisuwa.

Allah Ya yi muku albarka.

Innarku