Ruwan Masai Ya Kai Buzun Baba

Zuhura, na fita kina barci, kada motocin Shinkafi su bar ni.

Na gano matsalar. Tayil ɗin da Mamuda ya sa a banɗakin Baba ya ɗaga daɓen, sai bakin masai ya daina kaiwa bututu. Duk ruwan da aka kora, ƙarƙashin bango yake bi zuwa ɗakin Baba.

Kada kowa ya shiga sai na zo da mai gyara. Baba ya riƙa shiga namu.

Ki wanke buzunsa na salla sosai. Tun shekaranjiya yake cewa da laima, ina ce masa damina ce. Wallahi ban san da wane baki zan faɗa masa ba.

Misbahu